Matar Likitan Baya

Kasuwar Likita ta mutu tun kafin bayan matarsa ya fara ciwo, kuma kowa a layin ya san da haka, shi kaɗai ne bai yarda ba.

Ba likitan allura ba ne. Sana'arsa gyaran baya da hannu: ya kwantar da mutum rubda-ciki a kan wani dogon gado mai rami a wajen fuska, ya bi ƙashin bayansa gaɓa-gaɓa da yatsu, ya danna, ya murɗa, sai an ji ƙas ya ɗaga hannu. Ya yi karatun abin, ga takardar shaida nan cikin gilashi a bango, kuma shi ya fara kiran kansa Likita har sunan ya bi shi, uwar da ta haife shi ma haka take ce masa. Ɗakin gaba na gidansu ne wurin aikin. Direbobin manyan motoci da 'yan dako su ne abincinsa, to ranar da aka tashi tashar daga bakin titinsu aka kai ta can ƙarshen gari, sai masu ciwon baya suka bi motocinsu. Aka bar Likita da kujerun roba a jere, da wani ƙashin baya na roba rataye a ƙusa, yana kaɗe masa ƙura safe da yamma.

Kullum zancensa guda ne: a tashi ko a zauna. An nuna masa wani shago a saman bene kusa da sabuwar tashar, ya je ya gani, ya dawo ya ce ya yi masa. Washegari ya ce mutum mai suna irinsa ba ya bin direbobi, su za su biyo shi. Jibi kuma ka same shi yana auna gadon da igiya, ko zai bi ta matakalar benen. Haka yake ta lilo, matarsa tana cewa to.

A gidansu Auta ake ce mata, amma a nan ba ta da wani suna sai Matar Likita. Ita ke share ɗakin, ita ke canza zanin gado, in kuma mai ciwo ya kasa saukowa ita ke tallafo shi, don hannun Likita, in ji shi, hannun aiki ne ba na ɗaukar kaya ba. A irin haka ne wata safiya ta tallafo wata ƙatuwar tsohuwa da ta sulale daga gadon, sai ta ji wani abu ya tsinke mata a ƙugu. Ta dai daure ta raka tsohuwar bakin ƙofa. Da ta juyo, miƙewa ta gagara.

Da wani mijin ne da ya tsorata. Likita kuwa bakinsa har kunne.

“Tsaya haka, kada ki motsa,” ya ce. Ya ruga ya ɗauko wayarsa ya jingina ta a kan kujera tana kallon gado. “Yanzu taho. Yawwa, a duƙe, yadda kike ɗin nan. Ki bari fuskarki ta nuna ciwon.”

Ba sai an roƙi fuskar ba, da kanta ta nuna. Ya kwantar da ita a gefe, ya lanƙwasa mata gwiwa, ya ɗora nauyinsa ya murɗa. Aka ji ƙas. Wuta ta bi ta daga ƙugu har diddige, ta ciji leɓe.

“Tashi ki taka. Ki ce wani abu.”

Auta ta yi ta maza ta miƙe, ta taka zuwa bango ta dawo. “Alhamdulillahi, na ji sauƙi,” ta ce wa wayar.

Bidiyon ya zaga wayoyin mutane fiye da yadda shi kansa ya zata. Aka fara leƙowa ɗaya-ɗaya, a zo a ga mai gyaran da ya fara da gidansa. Likita ya ga hanya ta buɗe, sai ya ƙirƙiro wani tsari: duk Asabar, kafin ya taɓa kowa, matarsa ce za ta fara hawa gado a gaban jama'a, don masu tsoron ƙarar ƙashi hankalinsu ya kwanta. Yana da jawabin da ya haddace. “Abin da zan yi wa uwar 'ya'yana da hannuna,” yakan ce yana naɗe hannun riga, “shi zan yi muku.” Sai ya murɗa, a ji ƙas, ta sauko ta yi murmushi, mutane su kaɗa kai. A wurin Likita wannan ƙarar ita ce lafiya. In ƙashi ya yi ƙara an warke, duk wanda ya ci gaba da kuka kuma raki ne ya yi masa yawa.

Ciwon bai tsaya a ƙugu ba, ya gangara ƙafar hagu. Da farko kamar kiyashi na tafiya a cikin naman, daga baya yatsun suka yi shiru. Wata rana ta dawo daga raka yara makaranta, sai da ta shigo tsakar gida ta ga ƙafarta ɗaya ba takalmi. Ya fita a hanya ba ta ji ba, ga tsakuwa ta yanke ta a tafin ƙafa, nan ma ba ta ji ba. Wannan ne ya tsorata ta fiye da duk zafin da ta sha.

Ta same shi yana goge gilashin takardarsa.

“Likita, ina so in je asibiti a ɗauki hoton bayan nan.”

Ya juyo a hankali, ya dube ta sama da ƙasa. “Asibitin wa?”

“Na ƙashi. Ƙafar ba na jin ta.”

“Ke kin san su wa ke zama a layin asibitin? Rabin mutanen da ke zuwa nan, can suke fara zuwa. Su ɗaga kai su ga matar likitan baya riƙe da kati? Ai gara ki ɗauki ashana ki cinna wa ɗakin nan wuta, ya fi sauri.” Ya sassauta murya, irin sassautawar da yake yi wa mai ciwon da ke shirin tafiya. “Jijiya ce ke farfaɗowa, haka take yi. Ki ƙara haƙuri. In muka koma wancan benen, can ba wanda ya san fuskarki, ni da kaina zan kai ki duk asibitin da kike so.”

Ta riƙe wannan magana da hannu biyu, don ba ta da wata. Tun daga ranar tashi ya zama nata fiye da nasa. Ita ke tambayar ko an ga mai benen, ita ke tara kwalaye a bayan ƙofa.

Inna, uwar Likita, tana zaune a gidan, a ɗakin da ke kallon madafa. Ba abin da ke wuce ta, amma tana da baiwar ganin abu ta ce ba ta gani ba. Rannan ta iske Auta tana girki a jingine da bango, ta dogara da sandar tsintsiya.

“Ke 'yar nan, mene ne wannan?”

“Inna, ƙafar ce ba ta ɗauka ta.”

“A gidan nan? Gidan Likita a ga mace da sanda?” Ta fizge sandar ta jefa bayan randa. “Ƙofar nan a buɗe take, ana hango ki daga ɗakin gaba. Mu da muka yi ta haihuwa muna surfe da goyo, wa ya ji bakinmu? Mata na biyo mijinki daga nesa don ya taɓa su, ke kina da shi a ɗaka kina neman tona masa asiri.”

Ita Innar, in gwiwarta ta motsa, ƙwaya take aikawa a sayo mata a ɓoye, ba ta taɓa yarda ɗan nata ya murɗa ta ba. Auta ta sani, don ita ake aika. Ta ci gaba da girki tana bin bango da kafaɗa.

Ta koyi dabaru iri-iri. Ta san inda za ta dafa daga madafa zuwa ɗakin gaba ba tare da an lura ba: bakin taga, bayan kujera, ƙarfen gado. Ta koma sa doguwar riga mai jan ƙasa don kada a ga yadda take jan ƙafar. Ranar Asabar takan sha maganin kashe zafi tun da safe, ta shafa hoda, ta fito. Ta iya wasan sosai, kuma iyawar ce ta cuce ta, don kujerun roba sun cika har ana tsayuwa a waje.

Yayarta, wadda ke ɗinki a wata unguwa, ta kira ta a waya bayan ta ga sabon bidiyo.

“Auta, wannan murmushin ba naki ba ne. Me ke damun ki?”

“Ba komai, Yaya. Gajiya ce.”

“Ni za ki yi wa ƙarya? Ni na goye ki fa.”

“Wallahi lafiya lau,” ta ce, ta kashe wayar kafin muryarta ta karye. An koya mata cewa rufa wa miji asiri shi ne mutuncin mace, ba wanda ya gaya mata inda abin ke tsayawa.

Da ƙafar dama ita ma ta fara kiyashi, ta kasa daurewa. Ta tare shi da rana yana cin abinci.

“Likita, maganar tashin nan fa? Mai benen ya ce me?”

Ya tsame hannu daga kwano yana dariya. “Tashi? Ke ba ki ga ɗakin gaba ba ne? Wa zai bar kasuwa tana ci ya tafi neman wata? Ai na gaya wa mutumin ya ba wani. Mun zauna.”

“To asibitin fa? Ka ce in mun tashi.”

“Na ce in mun tashi. Mun tashi ne?” Ya mayar da hannu cikin kwano. “Ke fa ba ki da godiya. Allah ya dawo mana da arziki ta dalilinki, maimakon ki yi murna kina ta jawo mana baki. Bari Asabar ta zo in yi miki mai ƙarfi, wancan na makon jiya bai shiga sosai ba.”

Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. A nan ta gane inda ta tsinci kanta: in ta faɗi a gaban mutane ta kashe masa sana'a, in ta miƙe ta yi murmushi ta rufe wa kanta ƙofar asibiti. Ta ji ta tsane shi, ta tsani har yadda yake tauna. Amma ta ɗauki kwanon ta kai madafa, tana bin bango.

Asabar ta zo, ɗaki ya cika, har da wasu direbobi da suka biyo labari daga sabuwar tashar. Likita ya sha farar riga, ya yi jawabinsa, ya miƙa mata hannu kamar mai gayyatar amarya. Ta hau gadon da ƙyar. Ya lanƙwasa gwiwar, ya waiga ya tabbatar wayar na ɗauka, ya ɗora nauyinsa gaba ɗaya. Ba a ji ƙara ba. Ya ji kunya, don murɗa ba ƙara a wurinsa kamar shago ne ba ciniki, sai ya gyara tsayuwa ya sake, da ƙarfin da ya fi na farko.

Wannan karon ba ta ji zafi ba. Ba ta ji komai ba daga ƙugu zuwa ƙasa. Sai da ta ga wata mata a kujerar gaba ta kau da kai, ta kuma ji ɗigar ruwa a kan siminti, sannan ta san fitsari ya kufce mata.

“Tashi ki taka,” ya ce ta gefen baki.

“Ba zan iya ba.”

“Ki tashi mana, ana kallo.”

“Likita, ƙafafuna ba sa motsi.”

To a nan ne mutumin ya nuna irin kayan da aka yi shi da su. Ya juya ga jama'a, ya buɗe hannuwa, ya ce, “Kun gani? Wannan ciwon ne ke fita. Mugun ruwan da ya taru a jijiya ne, in ya tashi fita haka yake yi. Jiki zai ɗan mutu kafin ya dawo.” Har aka sami masu cewa ikon Allah. Shi da Inna suka kinkime ta a cikin zanin gadon suka kai ɗakin baya, Inna ta goge siminti, aka shimfiɗa sabon zani. Likita ya wanke hannu ya kira na gaba. Wasu sun sulale sun fice, amma waɗanda suka rage sai da ya gama da su tas.

A ɗakin baya aka shimfiɗa mata leda a ƙarƙashin zani. Ya ce hutu take buƙata, zuwa gobe za ta miƙe. Gobe ta zo ya ce jibi. Yakan leƙo ya tsikari babban yatsanta da makulli, ya tambaya ko ta ji, ta ce a'a, ya ce alama ce mai kyau. Inna na kawo abinci tana toshe hanci, tana cewa duk wanda ya tambaya a ce masa zazzaɓi ne. Yara aka hana su shiga, wayarta kuma Inna ta ɗauke.

Sai da wayarta ta faɗo hannunta, bayan Inna ta manta da ita a bakin katifa, sannan ta kira yayarta. Ba ta yi dogon bayani ba. “Yaya, zo ki ɗauke ni,” kawai ta ce.

Yayar ta zo da motar haya har ƙofar gida. Likita ya tare ta a zaure yana murmushi.

“Yaya, da kin bari zuwa yamma, in mutane sun ragu. Ko a zagayo da motar ta baya.”

“Kauce ka ba ni wuri.”

“Matata ce fa, kuma ina kan yi mata magani.”

“Na ga maganin,” ta ce, ta ture shi ta wuce. Ita da direban suka fito da Auta ta ɗakin gaba, ta tsakiyar kujerun roba, a gaban duk wanda ke zaune.

A asibiti aka ɗauki hoton da ta roƙa tun ƙafa ɗaya ce ke ciwo, aka shiga da ita tiyata a ranar. Likitar da ta yi aikin ba ta ɓoye musu ba. Ta ce faifan da ke tsakanin gaɓoɓin baya ne ya fashe ya danne jijiyoyi, kuma irin wannan ba a kwana da shi. Da an zo lokacin da ƙafar ta fara mutuwa, da da ƙafarta za ta koma gida. Yanzu sai dai a jira a gani, amma kada su sa rai da yawa. Auta ta juya fuska bango ta yi kukan da ta daɗe tana ajiyewa.

Daga asibiti gidan yayarta aka wuce da ita, aka gyara mata gado a ɗakin da keken ɗinki yake. Can Likita ya zo ya same ta wata rana da hantsi, da ledar lemo a hannu. Ya rame, ba don ita ba, don labari ya zaga layinsu kuma kujerun sun koma yadda suke da. Yayar ta bar su, amma ba ta yi nisa da ƙofa ba.

“Na yanke shawara,” ya ce bayan ya zauna a bakin gadon. “Za mu tashi. Ashe mai benen bai ba kowa ba. Can ba wanda ya san abin da ya faru, za a fara sabon lale. Ni da Inna da yara za mu kama ɗakunan da ke bayan shagon.”

“Ni fa?”

Ya sosa ƙeya. “Kin san wurin sama ne, ga matakala. Kuma ke ma ki duba, keken guragu a ƙofar likitan baya, ai kin san yadda mutane suke. Ki zauna nan wurin Yaya tukuna, in kin fara takawa sai ki taho.” Ya matso. “Abu guda nake roƙo. In an tambaye ki, ki ce a banɗaki kika faɗi. Kuma ni har yanzu ina ganin gaggawa aka yi da wuƙar nan. Da an bar ni na ƙarasa, da yanzu wani zancen ake.”

Yana magana hannunsa na kan ƙaurinta, ta saman bargo, yatsun na lalube suna dannawa kamar yadda suka saba. Auta ta dubi hannun.

“Ɗauke hannunka daga jikina.”

Ya yi 'yar dariya. “Ai ba kya ji.”

“Ba na ji,” ta ce. “Amma ina gani. Kuma bakina bai mutu ba, duk wanda ya tambaye ni zan gaya masa wanda ya yi.”

Ya ɗauke hannun. Ya tashi yana gyara riga, yana cewa ciwo ne ke sa ta magana, ba zai riƙe ta ba, ya yafe mata. Shi ne ma mai yafewa. Ya fita ya bar lemon a kan keken ɗinki.

An yi tashin a ƙarshen watan. Waɗanda suka gani sun ce maza huɗu ne suka hau da gadon gyaran, an naɗe shi da barguna, Likita na gaba yana ja da baya yana ihu a yi a hankali kada a karya masa ƙafa. An kafa sabon allo, direbobi sun fara hawa. Inna tana gaya wa sababbin maƙwabta cewa surukarta ba ta da ƙashin arziki, ana samun buɗi ta kwanta. Ba wanda aka kama, ba wanda aka tuhuma, don a ganin mutane miji ne ya yi wa matarsa magani Allah bai nufa ba. Auta kuwa tana gaya wa duk matar da ta kawo ɗinki abin da ya faru, dalla-dalla, ba ta rage komai. Wasu su yi salati, wasu su ce ta yi haƙuri uban 'ya'yanta ne. Akwai ma wadda ta gama saurare tsaf, ta share hawaye, ta dafa ƙugu, sannan ta sunkuyo ta tambaye ta a wane bene ne Likitan ya koma.